Kafin ka sayi katin hoto na kwamfutar gem a Illela, fara lissafa wuta da zafi

A ce wani matashi ne a Illela ya yi wata da watanni yana tara kuɗi, har ya sayi kwamfutar tebur ta hannu, irin waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka sallama. Ya kunna gem ɗin ƙwallo, sai ya ga 'yan wasa na tafiya kamar masu ciwon ƙafa, hoto na sarƙewa. Mai gyara ya duba ya ce masa, "Ai sai ka sa mata girafik kad." Ya shiga YouTube, ya tarar da masu bidiyo da yawa na cewa RX 580 mai giga 8 shi ne katin talaka.

Maganarsu ba ƙarya ba ce. Sai dai yawancinsu suna gwajinsu ne a ɗaki mai sanyi, inda wuta ba ta ɗaukewa. Shi kuwa mutumin Illela yana zaune ne inda zafin bazara ke haura digiri 40, ƙurar hunturu ke shiga ko'ina, kuma rabin wutar da yake amfani da ita daga janareta ko sola take fitowa. A irin wannan wuri, kuɗin da ka miƙa wa mai shago wani sashe ne kawai na farashin katin. Sauran za ka ci gaba da biyansa kullum, a fetur, a batir, da wurin mai gyara.

Mene ne aikin katin?

Hoton da kake gani a allo ƙananan ɗigo ne da aka jera. Allon da ake kira 1080p yana da ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, jimilla 2,073,600. Kafin motsi ya yi wa ido santsi, ana so a sake zana hoton nan sau 60 a kowace daƙiƙa. Wato sai an lissafa launin ɗigo sama da miliyan 124 a daƙiƙa guda, kuma kowane hoto ba a ba shi lokacin da ya kai kashi ɗaya cikin 50 na daƙiƙa ba.

Firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, tana da ma'aikata kaɗan amma ƙwararru, sau da yawa huɗu zuwa takwas. Katin hoto kuwa yana da ƙananan ma'aikata ɗaruruwa ko dubbai, kowanne na yin lissafi mai sauƙi a lokaci guda da 'yan'uwansa. Kamar gayya ce a gona: babban manomi ɗaya, komai gwanintarsa, ba zai nome abin da matasa ɗari za su nome kafin azahar ba. GTX 1650 yana da irin waɗannan ma'aikata 896, RX 580 kuma 2,304.

Katin yana da tasa ma'ajiyar, ita ce gigar da ake rubutawa a kwali: 4, 6, 8. A nan yake ajiye hoton ciyawar fili, rigunan 'yan wasa da fuskokinsu. Idan ta yi kaɗan, gem zai riƙa tsayawa yana ɗauko kaya daga waje. Amma a lura, yawan giga ba shi ne ƙarfi ba. Girman rumbu daban, yawan hannun da ke aiki daban. Akwai katuna marasa ƙarfi da ake liƙa wa giga 4 don kawai su ja ido, irin su GT 730.

Fara tambayar gem ɗinka da allonka

Kowane gem yana zuwa da jerin mafi ƙarancin kayan da yake buƙata. EA Sports FC 24, wanda ya gaji FIFA a 2023, ya nemi aƙalla GTX 1050 Ti ko RX 570 mai giga 4. GTA V, da ya fito a kwamfuta tun 2015, yana tafiya da abin da bai kai haka ba. Idan waɗannan ne abin da kake bugawa, ba ka da buƙatar katin da aka ƙera don sababbin gem masu nauyi.

Allo ma yana da ta cewa. Wanda ke amfani da tsohuwar talabijin mai 720p, ɗigo 921,600 kawai zai zana, ƙasa da rabin na 1080p. Sayen babban kati a haɗa da irin wannan allo asara ce, kamar a ɗauko tirela don buhun gero biyu.

Wat: lambar da ba a rubutawa da manyan baƙaƙe

A nan ne lissafin Illela ya rabu da na masu bidiyo. Ga abin da kamfanonin suka ce katunansu na sha idan suna cikin aiki:

RX 6400 (2022, giga 4): wat 53
RTX 3050 mai giga 6 (2024): wat 70
GTX 1050 Ti (2016) da GTX 1650 (2019), giga 4: wat 75
GTX 1060 mai giga 6 (2016): wat 120
GTX 1660 Super (2019, giga 6): wat 125
RX 6600 (2021, giga 8): wat 132
RX 580 (2017, giga 8): wat 185

Gurbin da ake soka katin a cikinsa yana bayar da wat 75 ne kawai. Duk katin da ya haura haka sai an ja masa wata waya dabam daga fawa fak, akwatin da ke raba wuta a cikin kwamfuta: waya mai baki 6 tana ƙara wat 75, mai baki 8 tana ƙara 150. To, kwamfutocin ofis na hannu, musamman sirarannan, da yawansu fawa fak ɗinsu bai wuce wat 200 zuwa 300 ba, kuma ba su da wannan wayar. Wani lokaci ma katin ba zai shiga akwatin ba saboda faɗinsa. Don haka wanda ya sayi RX 580 don irin wannan kwamfuta, sai ya ƙara sayen fawa fak mai wat 500, wataƙila har da sabon akwati. Arhar ta fara gudu ke nan.

Mu zo ga batir. Batirin sola mai bol 12 da amfiya 100 yana ɗauke da wutar da ta kai wat 1,200 na awa guda. Idan irin mai ruwa ne ko mai jel, ba a so a sha fiye da rabinsa, in ba haka ba zai mutu da wuri. Saura 600 ke nan. A ce sauran kwamfutar da allo suna shan wat 105. Da kati mai wat 75, jimilla 180 ce, za ka yi wasan awa uku da ɗan wani abu. Da RX 580, jimilla 290, awa biyu ne. Inbata ma tana cin nata kason, don haka a zahiri abin ba zai kai haka ba.

Ga mai shagon gem lissafin ya fi zafi. Bambancin wat 110, awa takwas a rana, kwana 30, ya kama yunit 26 da ɗoriya a wata a kan kwamfuta ɗaya. Kwamfuta biyar, yunit 132. Tun da aka cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023, duk wanda ke samar da yunit ɗaya da janareta ya san abin da yake kashewa.

Abin sha'awa a nan shi ne, ƙarfi da shan wuta ba lallai su tafi tare ba. RX 580 ya fi GTX 1650 ƙarfi, wannan gaskiya ne. Amma RX 6600 ya kusa ninka RX 580, alhali yana shan wat 53 ƙasa da shi. Dalili kuwa shi ne girman ƙananan makunnan da ke cikin ƙwaƙwalwar katin. An ƙera RX 580 da fasahar nanomita 14, RX 6600 da ta nanomita 7. Ƙananan makunnai sun fi ƙarancin ɓarnar wuta a kowane lissafi.

Zafi da ƙura

Kusan duk wutar da katin ya sha, zafi take komawa. Kati mai wat 185 ƙaramar murhu ce a cikin akwati. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗakin kawai take turawa ta ratsa ƙarfen da ke kwashe zafin. Saboda haka zafin katin shi ne zafin ɗaki a haɗa da abin da katin ya ƙara.

Misali: a ce kati yana ƙara digiri 50 a kan na ɗaki. A ɗakin mai digiri 22 zai tsaya a 72, lafiya lau. A shago mai rufin kwano a Illela cikin watan Afrilu, inda ciki ya kai 42, lissafin ya nuna 92. Katin ba zai yarda ya kai can ba. Yawancin katunan Nvidia suna fara rage gudunsu da kansu a wajen digiri 83 don kada su lalace. Sakamakon shi ne ka biya kuɗin babban kati, kana samun aikin ƙarami, fanka na ihu.

Sai ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, hunturu na cika ratsin ƙarfen da ƙura mai laushi, ta zama kamar bargo. Ɗaga kwamfuta daga ƙasa zuwa kan tebur, a bar tazara tsakaninta da bango, a kuma busa ta da abin hura iska lokaci-lokaci bayan an kashe ta an zare waya. A riƙe fankar da yatsa yayin busawa, kada ta yi ta juyawa.

Na hannu da na jabu

Akwai dalilin da ya sa RX 570 da RX 580 suka cika kasuwa da arha. An yi shekaru ana amfani da su wajen haƙar kuɗin intanet na Ethereum, dare da rana. A ranar 15 ga Satumban 2022 Ethereum ya sauya tsari, ya daina buƙatar katunan hoto, sai masu haƙa suka zubo su kasuwa. Ba duka ne suka lalace ba, amma fankokinsu sun gaji, man da ke tsakanin ƙwaƙwalwar da ƙarfen sanyaya ya bushe a da yawa. Akwai kuma wanda ake rubuta wa RX 580 2048SP, wanda a ƙarfi ya fi kusa da RX 570.

Na jabu ya fi wannan muni. Ana ɗaukar tsohon kati kamar GTS 450 na 2010, a sauya bayanan da ke cikinsa, ya riƙa gaya wa kwamfuta cewa shi GTX 1050 Ti ne. Idan ka ga ramin VGA, shuɗin nan mai ƙananan huda 15, a jikin katin da aka ce 1050 Ti ne ko 1060, to ka yi zargi. Manhajar GPU-Z kyauta ce, tana nuna ainihin ƙwaƙwalwar da ke ciki da yawan ma'aikatanta, kuma takan yi wa irin waɗannan alamar jabu.

Kada ka biya sai an soka katin an kunna a gabanka. A buga gem na minti 20 zuwa 30, kana kallon zafinsa a manhajar. Ɗigo-ɗigo masu launi, layuka a allo, ko ɗaukewar hoto, duk alamun ma'ajiyar da ta fara mutuwa ne. A kuma tuna da shekaru: a Oktoban 2025 Nvidia ta daina fitar da direbobin sababbin gem ga jerin GTX 10, amma jerin GTX 16 na ci gaba da samu.

Nisa da canji

Illela na da nisan kimanin kilomita 85 daga Sakkwato, kuma manyan kasuwannin irin wannan kaya sun fi haka nisa: Farm Centre da titin Beirut a Kano, ko Computer Village a Ikeja ta Legas. Katin da ya mutu bayan mako guda, kuɗin motar mayar da shi kaɗai zai iya cinye rangwamen da aka samu. Kafin a ɗora kaya a mota, a nemi bidiyon katin yana aiki tare da lambar jikinsa, a kuma yi yarjejeniyar kwanakin mayarwa a rubuce.

Birnin Ƙonni na nan kusa a tsallaken iyaka, amma can da sefa ake ciniki, ita kuwa a ɗaure take da yuro. Naira ta faɗi daga wajen 460 a kan dala a farashin gwamnati a farkon 2023 zuwa sama da 1,500 a 2024, don haka sai an yi lissafin canjin ranar kafin a ce ga inda ya fi arha. Iyakar ma an rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, har zuwa Maris na 2024. Alkawarin mayar da kaya a wancan gefen yana aiki ne kawai idan hanya a buɗe take.

To, wanne za a saya?

Idan kwamfutarka ta ofis ce mai ƙaramin fawa fak, ko kuma da sola kake aiki, tsaya a kan wat 75 zuwa ƙasa: GTX 1650 marar ƙarin waya, ko RTX 3050 mai giga 6 idan aljihu ya kai. In akwatin siriri ne, nemi gajeren samfurinsu. RX 6400 ma yana shiga, sai dai yana rasa wani ɓangare na gudunsa a tsofaffin kwamfutoci masu gurbin PCIe 3.0.

Idan kana da fawa fak mai kyau na wat 450 zuwa 500, GTX 1660 Super ko RX 6600 sun fi dacewa da 1080p. RX 580 kuwa na wanda kuɗinsa ya tsaya nan ne, yana da wadatar wuta, kuma ya gwada shi da idonsa.

Wanda zai haɗa sabuwa daga tushe kuma kuɗi sun yi kaɗan, yana iya farawa da firosesa mai katin hoto a cikinta, kamar Ryzen 5 5600G mai wat 65, da ram guda biyu maimakon ɗaya. Za ta ɗauki tsofaffin gem da masu sauƙi idan an rage ingancin hoto, a ƙara kati daga baya.

Kafin ka kira kowane mai shago, kashe kwamfutarka, zare wayar wuta, buɗe murfin gefe, ka karanta lambar wat da ke jikin fawa fak. Ka duba ko akwai waya mai baki 6 ko 8, ka kuma auna faɗin wurin da katin zai zauna. Waɗannan abubuwa uku za su cire maka rabin katunan da ke kasuwa tun kafin a fara ciniki.