Rediyo a Argungu: Tsakanin Eriya da Data

A fadamar Argungu lokacin noman rani, sauti biyu ne ke wuni tare da manomi: ƙarar injin ban ruwa da muryar rediyo. Zai kafa sanda a bakin fangali ya rataye akwatinsa, ya zaro eriya har ƙarshe, sannan ya naɗe wando ya shiga laka. Idan ka matsa kusa da akwatin za ka ga ya sha duniya. Murfin batir ya daɗe da ɓata, an yanko robar tayar keke an ɗaure wurin. Eriyar ta karye daga tsakiya an ƙarasa ta da wayar wuta. Lambobin da ke jikin gilashin sun goge, amma mai shi bai damu ba, yatsansa ya san inda Kaduna take, ya san inda zai tsaya ya kamo Birnin Kebbi. Manyan batura biyu sai su kai shi makonni.

Irin wannan akwati ne masana fasaha ke cewa zamaninsa ya wuce, rediyon dijital ya zo ya gaje shi. Kafin a yarda ko a musa, ya kamata a fara sanin matsayin tsohon a garin nan.

Dattawan Kabi da rediyo suka girma. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, gwamnatin Sardauna ta kafa gidan rediyon Kaduna a 1962, Muryar Jamus ta fara Hausa a 1963, Muryar Amurka ta biyo baya a 1979, Faransa kuma ta shigo da RFI Hausa a 2007. Kafin a yanko Jihar Kebbi a 1991, Rima Rediyo ta Sakkwato ce tashar gida. Da yake iyakar Nijar ba ta da nisa ta wajen Kangiwa da Kamba, Muryar Sahel ta Yamai ma ba baƙuwa ba ce. A cikin akwatin nan mutane suka san Jakar Magori da Zaɓi Sonka, a cikinsa suka ji Shata da Ɗanƙwairo da Sani Ɗandawo, a cikinsa suka ji juyin mulki ɗaya bayan ɗaya. Har yanzu akwai dattijon da ba zai ce maka tasha kaza tana kan lamba kaza ba, sai dai ya ce mita 19 ko mita 25, kuma ya san wadda ta fi kamuwa da safe da wadda ta fi kamuwa da dare.

Rediyo ya tsara wa garin lokaci. Ana idar da sallar asuba, a ɗan taɓa lazimi, ƙarfe shida da rabi ta riski mutane a teburin mai shayi. Akwati ɗaya ne a kan tebur kusa da gwangwanayen madara, kunnuwa kuwa sun fi goma. Da an fara kanun labarai cokali ya daina kaɗa kofi. Da an gama sai muhawara ta ɓarke: ɗan kabu-kabu da ra'ayinsa, malamin firamare da nasa, mai sayar da kifi da nasa, wanda gardama ta yi wa zafi kuma ya rufe bakin kowa da cewa ai BBC ta faɗa. Da ƙarfe takwas da rabi na dare a sake zama a ƙofar gida. A cikin gidaje kuwa, matan da ke turara shinkafa suna shanyawa, akwatin yana kan katanga ko gindin turmi, ana aiki ana jin wa'azi da shirin lafiya da sanarwar rasuwa da ɗaurin aure. Mace da yawa da ba ta yi boko ba, ta nan ta san ranar rigakafin yara da amfanin zuwa awo.

To, mene ne shi wannan dijital ɗin? A Turai idan an faɗe shi, galibi ana nufin tsarin DAB. Maimakon kowace tasha ta riƙe zangonta ita kaɗai, sai a mayar da sautin tashoshi da yawa lambobi irin na kwamfuta, a ɗure su a zango guda a watsa. Akwatin mai sauraro ya warware lambobin ya mayar da su murya. Babu shuu, babu kutsen wata tasha, sunan tashar ma yana fitowa a rubuce. Akwai kuma DRM, wanda ke aiki a gajeren zango da matsakaicin zango, wanda Indiya ta zuba wa kuɗi sosai. Dukansu biyu suna da sharaɗi guda: tsohon akwati ba ya kama su, sai an sayi sabo.

Nowe ce ƙasa ta farko da ta kashe FM na manyan tashoshinta, a 2017. Tana da dalilinta. Ƙasa ce ta duwatsu da kwazazzabai, tana buƙatar na'urorin watsawa masu ɗimbin yawa, riƙe tsari biyu a lokaci guda kuma yana cin kuɗi. Duk da haka ta bar ƙananan tashoshin garuruwa a kan FM. Ingila kuwa, BBC ta fara DAB tun 1995, ga shi an yi shekara talatin ba a iya kashe FM ba. Idan mutanen da wuta ba ta ɗauke musu, kuɗin sabon akwati kuma ba ya hana su barci, suna jan ƙafa haka, ina ga kwarin Rima, ƙasa shimfiɗaɗɗiya wadda FM ke tafiya a cikinta ba dutsen da zai tare shi?

A gida ma an taɓa. A 2012 aka buɗe tashar watsa shirye-shirye ta Muryar Najeriya a Lugbe, Abuja, da na'urori masu iya watsa DRM. Ka zaga kasuwar Argungu da ta Birnin Kebbi, wurin masu sayar da rediyon Kchibo da fitilun sola, ka nemi akwatin da ke kama shi. Abin da za a miƙo maka shi ne mai FM da AM da gajeren zango, da ramin memori, da tocila a gefe. Talabijin ma darasi ne. Wa'adin duniya na komawa dijital ya cika a Yunin 2015, Najeriya ta ƙaddamar da nata a Jos a Afrilun 2016, shekaru suka yi ta shuɗewa aikin bai game ƙasa ba.

Dijital ɗin da ya iso Argungu da gaske ta aljihu ya shigo, wato wayar hannu. Kuma ba zan rage masa komai ba, ya kawo alheri. Ɗan Argungu da ke dako a Legas ko karatu a Madina yana iya jin tashar jiharsa ta intanet. Wanda aiki ya hana shi shirin rana zai same shi da dare a Facebook ko YouTube. An daina rubuta wasiƙa a jira wata guda kafin a ji an karanta. Yanzu saƙon murya ake turawa ta WhatsApp a sa shi a shirin ranar. Lokacin bikin kamun kifi, wanda aka fara tun 1934 kuma UNESCO ta sa shi cikin al'adun gadon duniya a 2016, da can sai dai mai gabatarwa ya kwatanta maka yadda masunta suka auka Matan Fada da goruna da homa. Yau kana gani da idonka lokacin da ake ɗora giwan ruwa a sikeli, ko kana wace ƙasa. Su ma masu tura waƙoƙi da karatu a memori sun buɗe wata ƙofa: mutum ya biya kuɗi kaɗan a cika masa tafsirin azumi gaba ɗaya, ya saurara lokacin da ya ga dama, ya maimaita inda bai gane ba. Tsohon rediyo bai taɓa iya wannan ba. Abin da ya wuce ka a cikinsa ya wuce ke nan.

Sai dai kowane minti na wannan alheri da kuɗinsa. Akwatin eriya sau ɗaya ake sayensa, iskar da yake kamowa kyauta ce, ko mutum ɗaya ke saurare ko dubu ɗari. Rediyon intanet kuwa kowane kunne da nasa lissafin. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Ga kuɗin caji wurin mai janareto ko mai sola. Ga sabis da ke cika a cikin gari, ya ragu a hanyar Gulma ko Augie, ya ɓace a tsakiyar fadama. Manomin da ke lissafin kuɗin fetur ɗin injinsa tun da aka cire tallafi a 2023, da kuɗin taki, da na masu dashe, ba zai sayi data don jin labarai na awa uku a rana ba. Shi ya sa ko matasan da ke riƙe da waya, da yawansu FM ɗin cikinta suke kunnawa, su soka iyafis ya zame musu eriya. Waya ce ta zamani, amma abin da ke fita daga cikinta tsohon rediyo ne.

Akwai kuma bambancin da sai wanda ya zauna a ƙauye yake ganewa. Tsohon tsari idan ya yi nisa da tasha, rauni yake yi a hankali. Murya ta dusashe, shuu ya ƙaru, ka juya akwatin, ka ɗaga shi sama, ka kara shi a kunne, ka dai tsinci maganar. Dijital ba ya haka: ko ya zo tangaram, ko ya yi tsit. Kamar fitilar kananzir ce da ƙwan lantarki, ɗaya tana yin ƙasa-ƙasa har ka lallaɓa ka kai ɗaki, ɗayan kuwa ɗif yake ɗaukewa. Mutanen da ke can ƙarshen inda tasha ke kaiwa, su ne masunta da makiyaya da mazauna tungaye, kuma su ne suka fi kowa buƙatar labari.

Ranar wahala ake gane wannan. Garin Argungu a ƙasan madatsun Goronyo da Bakolori yake, duk ruwan da aka sako daga can ta nan zai bi. A damunar 2020 ambaliya ta shafe gonakin shinkafa masu yawan gaske a Kebbi, ta karya gadoji, ta raba ƙauyuka da hanya. A irin wannan hali waya tana mutuwa a kwana ɗaya ko biyu, wurin cajin ma ruwa ya ci shi, amma akwatin batir yana nan a cikin kwalekwale. A Satumbar 2021 kuma gwamnati ta rufe layukan waya a Zamfara saboda 'yan bindiga, daga baya aka haɗa da wasu ƙananan hukumomin Sakkwato da Katsina. Maƙwabtanmu ne na jini. Makonni suka yi ba kira ba data, abin da ya rage musu na sanin halin da duniya ke ciki shi ne rediyo mai eriya.

Wannan ba ya nufin tsohon tsarin lafiya lau yake. Gajeren zango ya fi da wuyar kamuwa a cikin gari, saboda cajoji da fitilun zamani masu araha suna cika iska da ƙara. Sababbin akwatuna da yawa FM kawai suke kamawa da kyau. Ƙananan tashoshi na fama da kuɗin dizal, wasu sukan rufe da rana su dawo da yamma. Kuma abin da ya fi ci mini rai, awanni masu tsada suna tafiya a yabon masu mulki da tallan maganin gargajiya, alhali manomi na jiran ya ji farashin buhun shanshera, da ranar da za a sako ruwa, da yadda zai yi da tsutsa ko jan-baki. Garin da ke da katafaren kamfanin sarrafa shinkafa tun 2017, a jihar da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a 2015, ya cancanci shirin noma na kullum mai ƙwari. Wannan gyara ba ya jiran wata sabuwar na'ura.

Abin da ya faru da Muryar Amurka ma abin lura ne. A Maris ɗin 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da ma'aikatanta, sashen Hausa ya yi shiru bayan shekara 46, a gajeren zango da intanet baki ɗaya. Mutane suka yi ta murɗa akwati suna zaton batir ne. Muryar da ke zuwa daga nesa, mai ita yana iya ɗauke ta ranar da ya so, ko da wace fasaha take zuwa. Tsallaken iyaka, Nijar tana da rediyoyin al'umma fiye da ɗari, ƙananan FM da ke magana da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci kan rijiya da kasuwa da rikicin gona. Masarautar Argungu, da Kabawanta da Arawanta da Zabarmawa da Fulani, ta isa ta riƙe irin wannan.

A wajen masu waya a cikin gari za ka ji yaro yana cewa, "Baba, kawo in kamo maka a waya, ta fi fita." Uban ya karɓa ya saurara, ya yaba, in dare ya yi kuma ya jawo akwatinsa. Dukansu biyu suna da gaskiya, kuma gidan ya fi amfana da suna da duka biyun. Hukuncina ke nan: dijital ci gaba ne wajen tsabtar sauti, da yawan zaɓi, da ajiye shiri, da sada ɗan gari da gida. Wajen isa ga talaka kyauta, a ko'ina, a kowane hali, har yau bai kamo ƙafar tsohon ba.

Don haka ina kira ga gwamnatin Kebbi da hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin: duk ranar da aka zo maganar komawa dijital, kada a sa ranar kashe FM da AM sai akwatin da ke kama sabon tsari ya zo kasuwar Argungu a farashin da mai dashen shinkafa zai iya biya. Kafin nan a sa wa na'urorin watsawa sola don su daina yin shiru, a ƙara musu ƙarfi su kai tungayen bakin gulbi, a sauƙaƙa lasisin rediyon al'umma, a kuma haɗa masu kula da madatsun ruwa da gidajen rediyo kai tsaye, yadda sanarwar sako ruwa za ta riga ruwan isowa.