Yaranmu Suna Tambaya, Ina Littattafan da Za Su Ba Su Amsa?

Duk wanda ya taɓa koyarwa a makarantar Lahadi ya san yaro ba ya rasa tambaya. Wata Lahadi muna zaune a bayan ajin ƙanana, malama tana ba da labarin yadda Allah ya yi rana da wata da taurari a rana ta huɗu, sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, in Allah ne ya yi wata, don me rana take kama shi har a fito ana buga kwanoni?" Malama ta yi murmushi ta ce ikon Allah ne, aka ci gaba da darasi. Gaskiya ta faɗa, amma yarinyar ta koma gida da tambayarta. Da aka tashi sujada muka duba teburin littattafai na bakin majami'a, muka sami Littafi Mai Tsarki da littafin waƙoƙi da jagorar makarantar Lahadi, amma babu ko ɗaya da zai bayyana wa yaro, cikin Hausar da yake ji, cewa inuwar duniya ce ke faɗawa kan wata sa'ad da duniya ta shiga tsakaninsa da rana.

Wannan rashi ba ƙarami ba ne. Yaron da bai sami bayani na gaskiya a gida da ikilisiya ba, zai same shi a wani wuri, kuma sau da yawa camfi ne ke rigan kowa zuwa. Wani kuwa sai ya shiga sakandare ya gamu da kimiyya da Turanci, ya ɗauka ilimi da bangaskiya abokan gaba ne, tun da bai taɓa jin an haɗa su a bakin iyayensa ko malaminsa na Lahadi ba.

Abin da Maganar Allah Ta Nuna

Littafi Mai Tsarki kansa bai raba su ba. A cikin 1 Sarakuna 4:33 an nuna mana hikimar Sulemanu ta haɗa da sanin itatuwa manya da ƙanana, da dabbobi, da tsuntsaye, da masu jan ciki, da kifaye. A Fitowa sura 31 Ubangiji ya cika Bezalel da Ruhunsa domin aikin zinariya da azurfa da tagulla da sassaƙa. Musa ya koyi ilimin Masarawa, Daniyel da abokansa uku sun yi fice a makarantar Babila, Bulus yana ɗinkin alfarwa, Ubangijinmu Yesu kuma mutanen garinsu sun san shi da aikin sassaƙa. Saboda haka wanda ya koya wa yaro yadda zuma take aikinta ko yadda ake gina tukunya, bai fita daga hidimar Allah ba.

An Taɓa Yi

Kada mu ce Hausa ba za ta iya ɗaukar irin wannan ilimi ba, gama an riga an gwada. A shekarar 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Dokta Walter Miller na Wusasa ya ba da shekaru masu yawa a kansa tare da abokan aikinsa. A wannan zamani kuma Hukumar Fassara da ke Zariya ta fitar da Labarun Hausawa da Maƙwabtansu domin 'yan makaranta su san tarihin ƙasarsu. A 1949 Dokta Rupert East da Malam Abubakar Imam suka fito da Ikon Allah, littafin da ya yi bayanin halittu iri-iri na duniya da Hausa mai daɗi, kuma tsofaffinmu da suka yi elemantare a wancan lokaci suna tunawa da shi. Daga baya hukumar NORLA, wadda ta yi aiki daga 1954 zuwa 1959, ta buga ƙananan littattafai masu arha domin Yaƙi da Jahilci. In kakanninmu sun iya wannan da ɗan abin da ke hannunsu, mu da muke da kwamfuta da na'urar ɗab'i a kowane babban gari ba mu da hujja.

Abin Rubutawa Yana Ƙofar Gida

Ba sai mun je Ingila neman labari ba. Ga Nok a kudancin Kaduna, inda masu haƙar kuza suka fara tono mutum-mutumin yumɓu a 1928. A 1943 aka kawo wa Bernard Fagg wani kai na yumɓu daga wajen Jama'a, wanda aka kafa a gona domin korar tsuntsaye, daga nan duniya ta san akwai gwanayen gini da suka zauna a ƙasar nan ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Almasihu. Ana iya ganin irin waɗannan kayan a gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952. Yara nawa ne a ikilisiyoyin Kwoi da Kafanchan suka taɓa karanta wannan labari da Hausa?

Ga kuma Ladi Kwali, wadda ta koyi ginin tukwane a gida tun tana yarinya, ta shiga makarantar ginin tukwane ta tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, a 1954, aka kai ayyukanta Turai da Amurka, har hotonta ya hau bayan takardar naira 20. 'Yar da ta karanta wannan ba za ta ƙara raina sana'ar kakarta ba.

Ta fannin lafiya kuwa, labarin kurkunu ya isa littafi guda. A 1988 an ƙidaya fiye da mutum 650,000 masu wannan ciwo a Nijeriya. Mutane da dama sun ɗauka jifa ne ko sammu, alhali kuwa ƙananan ƙwari ne a ruwan tafki suke ɗauke da ƙwayar tsutsar, in an sha sai ta yi wajen shekara guda a jiki kafin ta ɓullo. Babu allurar rigakafinsa. Da tace ruwa da ƙyalle mai kyau, da haƙa rijiyoyi, da koyar da jama'a aka ci ƙarfinsa, Janar Yakubu Gowon yana cikin waɗanda suka bi ƙauyuka domin wannan aiki, har a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙasar nan ta rabu da shi. Irin wannan littafi muke bukata a kan sauro, da ruwan gishiri da sukari domin zawo, da kububuwa wadda ke saran manoma da yara a ƙasar Kaltungo, domin yaro ya san a kai wanda aka sara asibiti da sauri, kada a tsaya tsaga wurin da reza.

Me Za Mu Yi?

Da farko, kowace ikilisiya ta ajiye akwatin littattafai mai kwaɗo, a ba wani malamin makarantar Lahadi amana ya riƙa ba yara aro, suna mayarwa bayan mako guda. Ko da littafi goma sai a fara.

Na biyu, marubutan suna zaune a kan bencinmu kowace Lahadi. Akwai malaman makaranta da suka yi ritaya, da malaman asibiti, da malaman gona, da maƙera da masaƙa da magina. Takarda huɗu in aka ninka su biyu sun ba da shafi 16, wannan kuwa ya ishi yaro ɗan shekara tara. Wanda ya iya sana'a bai iya rubutu ba, matasa su zauna da shi su rubuta daga bakinsa, kafin ya tafi da iliminsa kabari.

Na uku, a kiyaye gaskiya. Kowane littafi a kai wa masanin fannin ya duba kafin a buga, gama ƙarya a littafin yara ta fi rashin littafin muni. A yi amfani da gajerun jimloli da zane mai kyau, a kuma sa abin da yaro zai gwada da hannunsa. Da fitila ɗaya da ƙwallo da lemo a ɗaki mai duhu ana iya nuna wa aji guda yadda husufi yake faruwa.

Na huɗu, majalisun gunduma da Zumuntar Mata da ƙungiyoyin matasa su ware wani abu daga baiko domin kuɗin bugawa, kamar yadda muke yi wa rufin majami'a da kayan kiɗa. Iyaye kuma da za su sayi kayan Kirsimeti, su haɗa da littafi ɗaya.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yarinyar nan da ta yi tambaya a kan wata tana jiranmu, da dubbai irinta daga Zuru har Biu. Muna roƙon fastoci da dattawa su sa wannan magana cikin ajandar taronsu na gaba, wanda kuma ya riga ya rubuta wani abu ya ajiye a akwati, ya aiko wa wannan fili mu gani. Ubangiji ya ba mu hikima da ƙwazo. Amin.