Wanke Hoto Baƙi-da-Fari a Gida da Firinta Mai Fesa Tawada



Duk wanda ya shiga zauren wani babban gida a Safana, ko Runka, ko Batsari, da wuya ya rasa ganin tsohon hoto baƙi-da-fari rataye a bango: wani dattijo da rawani bisa doki ranar hawan salla, ko alhaji da ya dawo daga Makka, ko jerin 'yan firamare tare da hedimasta. Yawancin waɗannan hotuna an ɗauke su ne tun ƙasar Katsina na cikin Lardin Katsina, ko cikin tsohuwar Jihar Kaduna, kafin a ba ta jiha a 1987. Sau da yawa ƙwaya ɗaya tak ta rage, domin dodon hoton ya ɓace tun tuni tare da situdiyon da ya wanke shi. Hoton Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, ba ya cikin haɗari, gama ya shiga littattafai da ma'ajin tarihi. Amma hoton mai unguwa, ko na malamin allo, ko na kakar wani daga cikinmu, ba shi da mai tsaronsa sai 'yan gidan. Ga gara, ga laimar damina, ga kuma tashin hankalin da ya raba mutanen ƙauyukan bakin Dajin Rugu da gidajensu a shekarun baya-bayan nan. Wanda ya fita da gudu cikin dare kuwa ba ya tsayawa sauke hoto daga bango. Wannan shi ne dalilin da ya sa na zaɓi yin magana a kan yadda mutum zai sake wanke irin wannan hoto da kansa, a gida, da firinta mai fesa tawada.

Da farko ya kamata mu san bambancin tsohon aiki da sabo. Hoton da ba tawada ba ne. Ƙwayoyin azurfa ne da haske ya taɓa, magani ya baƙanta su a cikin takarda, shi ya sa wanda aka ɗauraye da kyau ya kan haura shekara ɗari. Ita kuwa firinta ɗigon tawada ta ke fesawa ta wasu ƙananan kafofi, kowane ɗigo bai kai kaurin gashin kai ba. Kamfanin HP ya fito da irin tasa a 1984, Canon ya biyo baya a 1985, dukansu da zafi su ke tunkuɗo ɗigon. Epson kuma ya bi wata hanya, ta wani ɗan sinadari mai motsawa in lantarki ya ratsa shi, kuma a 1994 ya fito da Stylus Color wadda ta fara kusantar kyawun hoto.

To, ga inda gizo ke saƙa. Mutum zai zaci baƙi-da-fari ya fi mai kala sauƙi, tun da launi biyu ne kawai. Ba haka abin ya ke ba. Abin da ke cikin hoton shi ne ruwan toka, hawa-hawa, tun daga hasken farar riga har zuwa duhun inuwar zaure, kuma kwamfuta ta kan kasa wannan tsani gida 256. Firinta ta gida tawada huɗu gare ta: baƙa, da shuɗiya mai haske, da ja mai ruwan hoda, da rawaya. In ta yi aiki da baƙar kaɗai, sai ta warwatsa ɗigo nesa-nesa domin ta nuna haske, fuskar mutum ta fito da tsakuwa-tsakuwa kamar an yayyafa mata barkono. Saboda haka sai ta gauraya launukan nan uku don ta samar da toka. Da zarar ɗaya ya ɗan rinjayi sauran, hoton ya karkata, ya yi kore-kore ko ja-ja. A hoto mai kala ido ba ya lura da wannan, amma a baƙi-da-fari nan take ya ke kama shi. Har ila yau, hoton da ya fito daidai da hasken rana ya kan sake kama in an dube shi da dare ƙarƙashin ƙwan lantarki, domin kowace tawada da irin yadda ta ke mayar da haske. Maganin da masu ƙera firinta suka samo shi ne ƙara tawada mai ruwan toka. A 2005 Epson ya fito da tawadar da ya kira UltraChrome K3, mai baƙi hawa uku, Canon ma yana da irin nasa. Sai dai waɗannan suna da tsada, kuma ba su ne mu ke gani a ofisoshinmu ba.

Magana ta biyu, wadda a ganina ta fi ta farko nauyi, ita ce irin tawadar kanta. Iri biyu ce, kuma Bahaushe ya san su tun kafin zuwan firinta. Akwai wadda ta ke kamar rini, ta narke cikin ruwa ta shige takarda. Tana da sheƙi, tana da araha, amma rana da iska su kan koɗar da ita, kuma launukan ba tare su ke koɗewa ba, watau hoton da ya fito toka bana ya kan juye kore ko ja bayan 'yan shekaru a bango. Akwai kuma wadda ta ke kamar tawadar allo da a ke haɗawa da gawayi da ƙaro: ƙananan ƙwayoyi ne da ba su narkewa, su kan zauna bisa takarda, kuma baƙar cikinta daga sinadarin gawayi a ke yin ta, wanda haske ba ya cinsa da sauƙi. Wanda ya ke nufin jikokinsa su ga hoton, wannan ta biyun zai nema. Yawancin firintocin nan masu tanki da a ke ɗura wa tawada daga kwalba, launukansu na rini ne, don haka a tambaya kafin a biya kuɗi.

Game da aikin kansa, a ɗora tsohon hoton bisa sikana, kada a ɗauke shi da waya in da hali. Ɗigo 300 a kowane inci ya isa in girmansa ɗaya za a fitar. In ƙarami ne irin na fasfo kuma ana son faɗaɗa shi, a kai 600 ko fiye. A ajiye shi a matsayin TIFF, kada kuma a wanke wanda ya biyo ta WhatsApp, gama an riga an matse shi ya zubar da rabin kyansa. Wajen gyara, ina roƙon ɗalibanmu masu hannu a kwamfuta su yi hattara. Share tabon ruwa da karce daidai ne, amma na sha ganin an goge zanen fuskar dattijo wai don hoto ya yi sumul, alhali wannan zane shi ne shaidar asalinsa.

Takardar ofis mai nauyin giram 80 ba ta wannan aiki ba ce, shan tawada ta ke yi baƙin ya dushe. A nemi takardar hoto mai giram 200 zuwa sama, a kuma shaida wa firinta irin takardar da aka sa mata, domin da wannan ta ke auna yawan abin da za ta fesa. A fara gwaji da ƙaramin yanki wanda ya ƙunshi fuska da farar tufa da inuwa, a bar shi ya kwana, sa'an nan a duba shi a bakin ƙofa da rana. Mai firinta mai tawada huɗu, in toka ta ƙi daidaita, gara ya karkatar da hoton da gangan zuwa ruwan ƙasa kaɗan, irin na tsofaffin hotuna, wanda ido ya ke karɓa.

Yanayinmu ma yana da nasa sharaɗi. Ƙurar hunturu da zafin bazara su kan busar da tawada a bakin kafofin, hoto ya fito da layi-layi. A lulluɓe firinta da ƙyalle, a sa ta buga ko da shafi ɗaya kowane mako, a kuma kashe ta da maɓallinta domin kan ya koma mazauninsa ya rufu. In wuta ba ta da tabbas, kada a soma babban hoto sai da batir ko sola.

In an gama, a fitar da kofi uku ko huɗu a raba wa dangi a garuruwa dabam-dabam, ɗaya a Safana, ɗaya a Dutsin-Ma ko Katsina, ɗaya a Kano. Sabon shi za a rataye, da ɗan kwali tsakaninsa da gilashi don kada laima ta manne su. Tsohon kuwa kada a kuskura a yi masa laminatin, domin zafi da gam ɗin ba su fita. A sa shi cikin ambulan a ajiye a akwatin ƙarfe. A bayan kowane kofi a rubuta da fensir sunan mai hoton, da garin, da shekarar in an san ta, tun dattawan da za su iya gane fuskokin suna raye.