Ƙera Ƙaramin Jirgin Sama a Gida

Tun ran 1 ga Nuwamba 1925, sa'ad da jirage uku na mayaƙan Ingila suka taso daga Masar suka sauka Kano, mutanen ƙasar nan suka san jirgin sama, amma sun san shi ne a kan abin da a ke kawowa daga waje. Alhali kuwa in an zaga Karaye da Rogo, za a tarar da maƙera da masu walda da kanikawa waɗanda ba injin niƙa ko na ban ruwa da zai gagare su. Shin me ya hana wannan gwaninta ta kai ga jirgi?

Ba a rasa wanda ya gwada ba. A 2007 wani ɗalibin kimiyya na Jami'ar Bayero ta Kano, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya harhaɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen motoci da babura, cikin wata takwas. Ya sa masa injin Honda Civic mai ƙarfin doki 133. Jirgin ya ɗaga, amma bai wuce ƙafa 7 daga ƙasa ba.

Ƙarfin injin ba shi ne cikas ba, domin jirgin da 'yan'uwan nan biyu, su Wright, masu gyaran keke, suka tashi da shi a Amurka a 1903, injinsa ƙarfin doki 12 ne kurum. Cikas ɗin nauyi ne. Maƙerin garma in yana son abu ya yi ƙarko, sai ya ƙara masa ƙarfe. Maƙerin jirgi kuwa tilas ya sami ƙarko yana rage nauyi, watau sana'ar tasa ta juya wa ta maƙeri baya. Sa'an nan jirgin da ke daf da ƙasa ya kan sami tallafi daga iskar da farfelarsa ke dannawa ƙasa, in ya yi sama sai tallafin ya gushe. Saboda haka ɗagawa dabam, tashi dabam.

Bayan nauyi sai awo. A 1934 wani Bafaranshe, Henri Mignet, ya buga littafi yana koya wa kowa yadda zai ƙera ɗan jirgin katako da ya kira "ƙwarƙwatar sama". Mutane da yawa a Faransa da Ingila suka bi shi, wadansu kuwa suka hallaka, domin jirgin in ya sunkuyar da kai ƙwarai ba ya ɗagowa. Sai a 1936, da aka sa shi cikin ɗakin gwaji aka hura masa iska, aka gane aibin yana wajen jerin fikafikansa biyu. Ba rashin iya sassaƙa ya kashe su ba, zanen ne ba a auna ba.

Don haka yawancin masu wannan sana'a ba su ƙaga zane da kansu. Su kan sayi zanen da aka riga aka gwada, ko kuwa sassan jirgin a akwati, su haɗa a gida. A Amurka, inda suka kafa ƙungiyarsu tun 1953, doka ta yarda wa mutum ya tashi da jirgin da ya yi fiye da rabin aikinsa da hannunsa, amma sai mai duba ya duba, sa'an nan a yi ta gwada shi awa 25 ko 40 nesa da cunkoson jama'a kafin ya ɗauki kowa.

Irin wannan jirgi ma an yi shi a Arewa. Jirgin koyon tuƙi na sojan saman Nijeriya da a ka kira Air Beetle, wanda ya fara tashi a 1989, asalinsa RV-6A ne, watau jirgin alminiyam mai kujera biyu da kamfanin Van's ya riƙa sayar wa masu haɗawa a gida. A Kaduna aka harhaɗa wajen 60 daga cikinsu. Ashe hannun da zai yi aikin yana nan ƙasar.

Abin da ya rage wa saurayin Karaye ko Rogo mai wannan buri shi ne ya san ƙarfe ɗaya ba ya amo. Yana bukatar zanen da aka tabbatar, da ma'auni, da ilmin da a ke koyarwa a makarantar jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, da kuma izinin hukumar kula da jiragen sama. Injin niƙa in ya ƙi, a kan kashe shi a gyara. Jirgi in ya ƙi a sama, rai ne a ciki, na matuƙi da na waɗanda ke ƙasa.