Sauya Mawaƙi Ya Haɗa Iron Maiden Da Masoyanta Rigima Shekara Biyar

Daga Wakilinmu

Ran 28 ga watan Agusta na shekarar 1993, a wani babban zauren ɗaukar silima da ke Pinewood, kusa da birnin Landan, wata shahararriyar ƙungiyar makaɗa ta ƙasar Ingila mai suna Iron Maiden ta yi wasan ban kwana da mawaƙinta, Bruce Dickinson. Da aka zo ƙarshen wasa, sai wani ɗan dabo da aka gayyato ya sa aka kama mawaƙin, aka tura shi cikin wani akwatin ƙarfe mai siffar mutum wanda aka kafa wa ƙusoshi daga ciki, aka rufe, aka nuna wa 'yan kallo kamar an hallaka shi. Dabo ne kurum, Dickinson ya fito lafiya lau ya kama gabansa. Abin da ya biyo baya kuwa ba dabo ba ne, domin shekara biyar da rabi ƙungiyar ta yi tana fama da masoyanta a kan mutumin da ta ɗauka ya maye gurbinsa.

Kafin mu shiga cikin labarin, ya kamata a ɗan yi wa mai karatu bayanin irin wannan kiɗa. Turawa suna kiransa hebi metal, watau ƙarfe mai nauyi, kuma ya kafu ne a ƙarshen shekarun 1960, musamman a Birmingham, garin masana'antu da maƙeru. Kiɗa ne na jitoci masu aiki da lantarki da ganguna, ana ƙure masa amo har ƙasa ta riƙa girgiza, saboda haka dole mawaƙi ya zama mai ƙarfin murya da dogon numfashi, in ba haka ba kiɗan ya binne shi. Yawancin masoyansa na farko 'ya'yan leburori ne da ƙananan ma'aikata, kuma an san su da riƙon amana. Mutum yakan zaɓi ƙungiyarsa tun yana ɗan makaranta, ya sayi kowane faifai da ta fitar, ya ɗinka tambarinta a bayan rigarsa, ya bi ta gari gari har furfura ta cim masa.

Akwai kuma wani bambanci da ya kamata a lura da shi. A wurinmu mawaƙi shi ne uban tafiya, makaɗa da 'yan amshi yaransa ne, ba wanda zai taɓa cewa an sallami Shata daga ƙungiyar Shata. A can kuwa suna na ƙungiya ne, kuma sau da yawa mai ita ba shi ne mai waƙa ba. Wanda ya kafa Iron Maiden a gabashin Landan ranar Kirsimeti ta 1975 shi ne Steve Harris, mai kaɗa jita mai kaurin amo, kuma shi yake tsara yawancin waƙoƙin. Yana da ikon ya ɗauki mawaƙi, yana da ikon ya sallame shi. To amma kunnen mai saurare murya yake riƙewa, a nan ne rigimar take tasowa.

Canjin Farko

Tafiyar Dickinson ba ita ce karo na farko da masoyan ƙungiyar suka ga an sauya musu mawaƙi ba. Shi kansa magaji ne. Mawaƙin da ya rera fayafayai biyu na farko, na 1980 da na 1981, shi ne Paul Di'Anno, mai murya gwangwaran irin ta 'yan bakin titi, wanda samarin gabashin Landan suke gani kamar ɗan unguwarsu. Shaye-shaye da gajiyar yawon kiɗa suka sha kansa, aka rabu da shi cikin 1981, aka ɗauko Dickinson daga wata ƙungiya mai suna Samson. Wasu daga cikin tsofaffin masoya ba su ji daɗi ba ko kaɗan. Dickinson ya sha ba da labarin wani da ya rubuto wasiƙar ƙorafi yana kwatanta muryarsa da jiniyar da ake busawa lokacin harin jiragen yaƙi, manajan ƙungiyar kuwa ya ɗauki wannan zagi ya mai da shi kirari.

Ƙorafin bai daɗe ba. Cikin watan Maris na 1982 suka fitar da faifan The Number of the Beast, ya hau matsayi na ɗaya a jerin fayafayan da suka fi ciniki a Ingila, sababbin masoya suka kwararo daga Turai da Amurka har suka shafe na da. Ƙungiyar tana da ƙuruciya a lokacin, fayafayanta biyu tak, saboda haka waɗanda suka saba da tsohuwar murya ba su da yawa.

A 1993 lamarin ya sha bamban. Dickinson ya riga ya rera manyan fayafayai bakwai, uku daga cikinsu sun zo na ɗaya a Ingila. Yaron da ya fara jin sa yana ɗan shekara 15 a 1982 ya zama magidanci ɗan shekara 26, duk kuwa abin da ya tuna na ƙuruciyarsa da wannan murya yake tuna shi.

Zamanin Blaze Bayley

Bayan an saurari kaset ɗin masu neman aikin da yawan gaske, sai Harris ya zaɓi Blaze Bayley, haifaffen Birmingham, mawaƙin wata ƙaramar ƙungiya mai suna Wolfsbane. Ya kama aiki a 1994, amma tun ba a je ko'ina ba ya yi haɗari a kan babur, aikin sabon faifai ya tsaya na wani lokaci. Sai cikin watan Oktoba na 1995 The X Factor ya fito, ya tsaya a matsayi na 8 a Ingila, alhali wanda ya gabace shi a 1992 na ɗaya ya zo. Na biyu, Virtual XI, da ya fito a 1998, bai wuce na 16 ba. A Amurka abin ya fi muni, domin ko ɗari na farko ba su shiga ba, kuma ƙungiyar da ta saba cika manyan filaye ta koma wasa a ƙananan zauruka.

Babbar matsalar Bayley ita ce muryarsa mai kauri ce, tana zaune a ƙasa, ta Dickinson kuwa siririya ce mai tashi sama, kuma a kan awon wannan siririyar murya aka yanka tsofaffin waƙoƙin. Makaɗa suna da dabarar da sukan yi a irin wannan hali, watau su ɗan sassauta tsirkiyar jita, amon waƙa ya sauko daidai maƙogwaron mawaƙi. Iron Maiden ba ta yi haka ba. Kowane dare sai Bayley ya miƙe wuya yana neman kaiwa inda ba a halicci muryarsa ta kai ba, a gaban dubban mutane waɗanda suka haddace kowace gaɓa ta waƙar, suna jiran su ji inda zai gaza. Muryar takan dushe, har aka soke wasanni da dama a Amurka a yawon kiɗan da ya yi da su duka biyu. A ganina wannan laifin masu ƙungiya ne, domin su suka ji muryarsa tun farko suka ce ta yi musu.

Wasu masoyan sun ƙaurace wa wasannin, wasu suka daina sayen faifai, wasu kuwa suna zuwa amma suna kiran sunan wanda ya tafi. Cikin 1996, a birnin Santiyago na ƙasar Chile, wani ɗan kallo ya yi ta tofa wa makaɗan yawu daga gaban dandamali, har Bayley ya fusata ya nuna shi da yatsa yana yi masa kashedi da kakkausar murya. Gaskiya ne tofa yawu mummunar al'ada ce da wasu 'yan kallo na can suka saba yi wa makaɗa a wancan zamani, ba Bayley aka fara yi wa ba, amma hoton wannan dare shi mutane da yawa suka riƙe a matsayin alamar zamaninsa.

In za a yi adalci, ba duk faɗuwar ce ta rataya a wuyansa ba. Tun 1991, da wata ƙungiyar Amurka mai suna Nirvana ta fito da sabon salo, kasuwar hebi metal ta faɗi gaba ɗaya, gidajen rediyo da talabijin suka juya wa tsofaffin ƙungiyoyi baya. Adrian Smith, ɗaya daga cikin gwanayen jitar Iron Maiden, ya bar ta tun 1990. Martin Birch, wanda ya daɗe yana haɗa musu sauti a ɗakin ɗaukar faifai, ya yi ritaya bayan faifan 1992. Harris kansa yana cikin baƙin cikin mutuwar aurensa lokacin da yake tsara The X Factor, shi ya sa waƙoƙin suka fito da nauyi da duhu. Amma mai sayen tikiti ba ya ganin waɗannan duka. Wanda yake tsaye a gaba da makirufo a hannu shi yake gani.

Abin da ya ƙara dagula al'amarin shi ne Dickinson yana nan da ransa, yana kuma fitar da nasa fayafayan, Adrian Smith yana kaɗa masa jita. Cikin 1998, shekarar da Virtual XI ya fito, shi ma ya fitar da The Chemical Wedding, masu sharhi suka yaba masa ƙwarai. Masoyi yana iya ɗora faifai biyun ɗaya bayan ɗaya a ɗakinsa ya yi wa kansa alƙalanci. Ma'aikatan gwamnati sun san yadda ake ɗaukar mai riƙon ƙwarya a ofis muddin ana sa ran mai kujera zai dawo: ana gaishe shi, amma ba a sakankance da shi. Haka masoya suka ɗauki Bayley tun daga ranar farko har ta ƙarshe.

Yadda Ta Kasance Da Wasu

Wani zai ce da sun ɗauki mai murya irin ta Dickinson da an zauna lafiya. Labarin Judas Priest bai nuna haka ba. Da Rob Halford ya bar su a 1992, sai a 1996 suka ɗauko Tim Owens, wani Ba'amurke daga jihar Ohayo, wanda dama sana'arsa ita ce kwaikwayon waƙoƙin Halford a ƙananan gidajen rawa. Yana iya kai murya duk inda Halford ya kai, 'yan kallo ma sun yarda da haka, duk da haka ciniki bai farfaɗo ba, a 2003 Halford ya dawo kujerarsa.

Inda canji ya karɓu nan take shi ne wajen AC/DC ta ƙasar Ostareliya, wadda ake yawan lissafa ta cikin wannan kiɗa ko da yake su kansu ba su yarda da sunan ba. Mawaƙinsu Bon Scott ya rasu a Landan cikin watan Fabrairu na 1980, iyayensa kuma suka ƙarfafa wa sauran gwiwa su ci gaba. Suka ɗauki Brian Johnson, cikin watan Yuli suka fitar da Back in Black a baƙar riga ta makoki, ya zama ɗaya daga cikin fayafayan da aka fi saye a tarihin duniya. Ba wanda aka kora, ba wanda za a jira ya dawo. Abin mamaki, shekara 36 bayan haka, a 2016, da ciwon kunne ya tilasta wa Johnson ya dakata aka kawo Axl Rose ya ƙarasa yawon kiɗan, dubban mutane a Turai sun mayar da tikitinsu sun karɓi kuɗinsu. Baƙon 1980 shi ne ya zama wanda ba a yarda a taɓa ba.

Black Sabbath kuwa tsaka-tsaki ta samu. Ta sallami Ozzy Osbourne a 1979 bayan fayafayai biyu da ba su yi armashi ba, ta ɗauki Ronnie James Dio, faifansu na 1980, Heaven and Hell, ya dawo mata da martaba. Duk da haka masoya sun rabu gida biyu, kuma gardamar ba ta mutu ba ko bayan rasuwar Dio a 2010 da ta Osbourne a 2025.

Dawowar Mai Kujera

Cikin watan Janairu na 1999 aka rabu da Bayley, a watan Fabrairu aka ba da sanarwar cewa Dickinson da Adrian Smith sun dawo. Ba a sallami wanda ya gaji Smith ba, sai ƙungiyar ta zama mai makaɗan jita uku ban da Harris. Faifan Brave New World ya fito a 2000, sannan cikin watan Janairu na 2001 suka yi wasa a bikin Rock in Rio na ƙasar Brazil a gaban mutane kimanin 250,000.

A wannan dare Dickinson ya rera waƙoƙi biyu na zamanin Bayley, Sign of the Cross da The Clansman, taron kuwa ya amsa su da murya ɗaya kamar tsofaffin waƙoƙin da aka tashi da su. Waƙoƙin nan su ne dai waɗanda aka yi wa ko oho shekaru kaɗan kafin nan. A yawon kiɗan 2018 da 2019 ma an sake saka su cikin jerin waƙoƙin kowane dare. Da hankali ya kwanta, masoya da dama suka koma suka saurari The X Factor da sabon kunne, har aka sami masu sa shi cikin fayafayan da suka fi so.

Bayley kuwa ya koma inda ya fito, ya ci gaba da yawo a ƙananan zauruka na Turai da Kudancin Amurka, yana rera nasa sababbin waƙoƙi tare da waɗanda ya yi da Iron Maiden, bayan wasa ya tsaya ya gaisa da duk wanda ya zo, ya sa hannu a kan faifai. Cikin watan Maris na 2023 ciwon zuciya ya kwantar da shi aka yi masa babban aiki a asibiti, saƙonnin gaisuwa suka yi ta zuwa daga masoyan Iron Maiden na ƙasashe daban-daban. Da ya warke ya koma kan dandamali.