Masu Raka Mashayi Ya Bar Taba Ta Waya

Akwai sana'ar da ba ta da rumfa a kasuwar Bangi ko ta Kontagora. Kayan aikinta waya ce, da abin saƙalawa a kunne, da kwamfutar ajiye bayanai. Mai yin ta zaune yake yana jiran kiran mutumin da taba ta ishe shi, yana son bari ya kasa. A Amurka, jihar Kalifoniya ce ta fara buɗe irin wannan layi ga ɗaukacin mutanenta a 1992, da kuɗin harajin santi 25 da masu zaɓe suka amince a ɗora wa kowane kwalin sigari a 1988. Mai kira ba ya biyan ko sisi. Ma'aikaci albashi yake ɗauka, kuma albashin da horon da kuɗin kira duk daga asusun hukuma suke fitowa.

Ɗanyen kayan wannan sana'a niyyar mai kira ce, ita kuwa ba ta jimre ajiya. Wanda tari ya hana shi barci jiya ya kira yau, in aka ce ya dawo mako mai zuwa, an rasa shi. Don haka kiran farko shi ne mai tsawo. Kara nawa a rana? Minti nawa bayan tashi daga barci ake kunna ta farko? Gwanaye sun fi ba wannan tambaya ta biyu nauyi, domin wanda hannunsa ke laluben ashana cikin minti biyar da farkawa, nikotin ya kama shi da ƙarfi, zai iya buƙatar cingam ko filastar nikotin. Sai a bi sawun lokutan da sha'awar ke tasowa: bayan tuwo, a bencin mai shayi, a kan babur ana jiran fasinja, ko in rai ya ɓaci. Kowanne a nema masa abin maye gurbi, ko asuwaki ne ko kanumfari. Daga nan a tsayar da ranar bari.

Wa'azi ba ya cikin aikin. Mashayi ya san taba na kisa, matarsa ta faɗa, likita ya faɗa. Gwani yakan yi shiru ya bar mutum ya furta dalilinsa da bakinsa, kuma shirun nan ya fi komai wuyar koyo.

Bayan ranar bari, ma'aikaci ne ke kira, ba ya jira a neme shi. Kiraye-kirayen ana cunkusa su a makon farko, saboda kwana biyu zuwa uku na farko su ne jiki ke bore: ciwon kai, saurin fushi, rashin barci. A nan aka fi zamewa. Ana tuna wa mutum cewa sha'awar mintoci take yi ta lafa, ya sha ruwa, ya tashi daga wurin.

Wahalar sana'ar ita ce wayar da ake ta kira ba a ɗauka, don mai ita ya koma sha, kunya ta kama shi. Akasarin masu kira sai sun gwada sau da dama kafin su dace, ma'aikaci kuwa dole ya karɓi wanda ya dawo karo na huɗu da muryar da ya karɓe shi da ita ranar farko. Ana naɗar hirarrakin shugabanni su saurara su yi gyara, sannan bayan wata shida ko bakwai wasu daban su kira su ji wa ya ɗore. Wannan lissafi shi ne cinikin da ake kai wa masu ba da kuɗi. Ko a Amurka, kimanin mashayi ɗaya cikin ɗari ke kira a shekara. A Ostireliya kira ya ninka a 2006 da aka buga lambar layin a jikin kwali tare da hotunan gargaɗi.

A Nijeriya, binciken GATS kan amfani da taba na 2012 ya nuna namiji ɗaya cikin goma na amfani da taba. Hukumar NDLEA ta buɗe layin kyauta a Abuja a 2022, amma na miyagun ƙwayoyi ne. Duk mai son kafa na taba da zai amfani mutumin Bangi, ina ganin kada ya dogara da lamba a jikin kwali. Dokar taba ta 2015 ta hana sayar da sigari kara-kara, amma haka mai tebur ke sayarwa, kwalin yana hannunsa. Dattijon da ke sa taba gari mai kanwa a baki kuwa ba shi da kwali ko kaɗan. Rediyo zai fi kai lambar. A bar mutum ya yi filashin a kira shi, tunda kati kuɗi ne, sabis kuma yana ɗaukewa. Mai amsawa ya ji Hausa sosai, a samu mai Fulatanci. Ya kuma san watan azumi, lokacin da mashayi ke yini daga alfijir zuwa magariba ba hayaƙi, ya tsara kiransa ya faɗo daidai bayan shan ruwa.