Kada Ka Tsikari Ramin Nan da Allura

Wata Asabar da hantsi kawuna ya kira ni daga Manchesta da wayar hannun matarsa. Tun kafin mu gama gaisawa na san akwai magana, domin tsohon ba ya shiri da wayar hannu. Ido ya yi rauni, yatsu sun yi nauyi, kuma lambar gidansa ta haura shekara 30 a hannunsa, har 'yan'uwa na Zariya da dama sun haddace ta. Ya ce, "Ɗana, wayar gidan nan ta mutu. Ƙaninka ya ce zai gyara, to ya gyara, yanzu ko numfashi ba ta yi."

Na ce, "Kawu, me ya yi mata?"

Ya ce, "Fil ɗin gyalen Hajiya ya karɓa, ya soka a wani ɗan rami a bayan akwatin, ya danne har fitilu suka ɗauke."

Sai da na yi salati. Wannan ne karo na uku da aka kira ni kan irin wannan gyaran gangar Auzinawa a gidajen mutanenmu da ke Ingila, shi ya sa na ga gara in rubuta.

Kowa a nan ya ji labarin cewa ana shirin yi wa tsohon layin tarho na jan ƙarfe ritaya. Tun watan Satumba na 2023 aka daina sayar da sabon layi irinsa a Birtaniya, kuma an sa ƙarshen Janairu na 2027 a matsayin wa'adin rufe shi, bayan an ɗaga daga ƙarshen 2025. Wanda ke tare da manyan kamfanoni, yawanci ce masa ake yi ya zare wayarsa daga bango ya maƙala a bayan rauta, shi ke nan. Amma irin su Kawu da suka mayar da lambarsu wani ƙaramin kamfani don neman arahar kiran gida, su adafta ake turo musu, ko su saya da kansu. Ɗan akwati ne da bai fi tafin hannu ba, galibi Grandstream HT801 ko HT802, ko tsohon Cisco SPA112. Kafa iri uku gare shi: ta wuta, ta kebul ɗin da ke zuwa rauta, da ta tarho. Aikinsa ya karɓi muryarka ya mayar da ita abin da intanet ke iya ɗauka.

Abin da mutane ba sa lura da shi, akwatin nan yana riƙe da amana guda uku a cikinsa: adireshin uwar garken kamfanin, sunan asusunka, da kalmar sirri. Da su yake kai gaisuwa wurin kamfani lokaci bayan lokaci, yana cewa ga ni nan, in an kira lambar wane a turo mini. Ramin nan da aka rubuta RESET a gefensa, idan ka danne shi na 'yan daƙiƙu, duk ukun yake sharewa, akwatin ya koma yadda ya fito daga masana'anta, bai san kowa ba. Masu ƙera shi ba don ado suka ɓoye maɓallin a cikin ramin da yatsa ba ya shiga ba. Gaskiya ne wasu kamfanoni sun tsara adaftarsu ta yadda za ta sake jawo saitinta da kanta bayan an share. Ta Kawu ba haka take ba, da hannu aka shigar mata da komai. Kai da ke riƙe da allura, ka san wace iri ce taka?

Da na je gidan ranar Lahadi, ban yi minti biyu ba na ga asalin ciwon. Daren Juma'a jikan Kawu ya zare kebul ɗin adaftar daga bayan rauta ya sa a na'urar wasansa, ya manta bai mayar ba. Iyakarta ke nan. Da wani ya sunkuya ya dubi fitilun akwatin, da ya ga ta intanet a kashe. Maimakon haka sai ƙanin nan nawa, ɗan jami'armu, ya buɗe YouTube, ya ga wani yana soka fil a wata na'ura dabam, shi ma ya soka. Da na tambaye shi sai ya ce, "Yaya, ai na ɗauka kashewa da kunnawa ce." Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Daga nan aka shiga wahala. Bayanan asusun suna cikin wani imel da aka turo shekara biyu da suka wuce, zuwa adireshin da Kawu ya manta kalmar sirrinsa. Ofishin kamfanin ba ya buɗewa sai Litinin. Da aka same su, suka ce sai sun tabbatar mai lambar ne ke magana, kuma ban ga laifinsu ba, don da sun saba miƙa kalmar sirri ga duk wanda ya buga waya da tuni an sace lambobin jama'a. Kwana 9 wayar ta yi shiru. A cikin kwanakin nan asibiti ya kira sau biyu don ba Kawu gurbin ganin likitan ido da wani ya fasa, ba a same shi ba, aka ba wani. Duk saboda kebul ɗaya da ke kwance a bayan talabijin.

Don haka ina roƙon samarinmu masu saurin hannu: kashewa da kunnawa dabam, sharewa dabam. Idan waya ta ɗauke, zare wutar rauta da ta adafta, ka jira kamar minti ɗaya. Kunna rauta ita kaɗai, ka bari fitilar intanet ta tsaya cak. Sannan ka kunna adafta, ka ba ta minti biyu ko uku ta kai gaisuwarta. Mafi yawan matsaloli a nan suke ƙarewa. Idan ba ta dawo ba, bi kebul da hannunka daga wannan baki zuwa wancan, ka tabbatar kowane ya shiga har ya ce ƙas. Ka duba ko intanet ɗin gidan ma yana aiki, domin babu ma'ana a yi ta zargin jaki alhali hanya ce ta yanke. Adafta mai kafar tarho biyu kuwa, yawanci ta farko kaɗai aka saita. Na ga gidan da aka kwana uku ana jinyar wayar da kawai aka maƙala a kafa ta biyu.

Akwatin ma yana magana, in za a saurare shi. A Grandstream ka ɗaga kan wayar ka danna tauraro sau uku, sannan 02, wata murya za ta karanto maka adireshin da rauta ta ba shi. A Cisco ɗin da na ambata tauraro huɗu ne, sannan 110 da alamar tsani. In ka ji sifili zalla, to akwatin bai ma ga rauta ba, matsalar tana cikin ɗakinka, kada ka ɓata kuɗin kiran kamfani. In ya karanto adireshi sosai amma fitilar tarho ba ta kama ba, a nan ne za ka kira su, su duba ko asusunka na nan lafiya. Ka duba ma ko an biya kuɗin wata. Ba raini ba ne, ya sha faruwa.

Akwai 'yan ƙananan cututtuka da ba sai na daɗe a kansu ba. Bakin igiyar wayar Birtaniya ba ya shiga kafar adafta, sai da ɗan mahaɗi, kuma wasu tsofaffin wayoyi ba sa ƙara sai mahaɗin yana da kafasita a ciki. Za ka iya kira amma ba za ka ji an kira ka ba. Idan kana jin mutum shi ba ya jin ka, ko kira yana yankewa, nemi wani saiti a rauta mai suna SIP ALG ka kashe shi, ya fi ɓata aiki a kan gyarawa. Idan murya na tsinkewa, ba yawan intanet kira ke ci ba, wajen kilobit 100 ne kawai a daƙiƙa, amma in yara suna ɗora bidiyo a lokacin sai hanya ta cushe. Ka saba buga lamba cikakkiya da 0161 ɗinta ko da maƙwabci za ka kira. In gida ne, 00234 don Najeriya tare da jefar da sifilin farko, 00227 don Nijar. Wayar da ke ƙara da tsakar dare tana nuna lamba 100 ko 1000, ka ɗauka ka ji shiru, ba aljanu ba ne, ɓarayi ne ke ƙwanƙwasa ƙofa ta 5060 suna neman akwatin da aka bari da kalmar sirrin masana'anta don su yi ta kiran ƙasashen waje a kan kuɗinka. Sauya ta. Kada kuma ka haɗa kafar tarho ta adafta da soket ɗin bango muddin ba a raba shi da layin waje ba. Tsohon layi na ɗauke da wuta kusan bolt 50, yana iya ƙona akwatin.

Wannan wutar ta tuna mini da abin da ya fi damuna bayan allura. Waɗanda suka yi zamanin NITEL za su tuna NEPA na ɗauke wuta amma tarho yana aiki, in dai layin na da rai, domin daga ofishin waya yake samun tasa wutar. Tsohon layin Ingila ma haka yake. Wayar intanet kuwa da an ɗauke wuta ta mutu tare da rauta. Kada wani ya ce ai nan ba a ɗaukewa. Guguwar Arwen ta Nuwamban 2021 ta bar wasu gidaje a arewacin Ingila da Sikotilan fiye da mako babu wuta, kuma koke-koken da suka biyo baya na cikin dalilan da suka sa kamfanin waya na BT ya dakatar da sauyin layin nasa na ɗan lokaci a 2022. Hukumar Ofcom ta ɗora wa kamfanoni su samar da hanyar kiran lambar gaggawa ta 999 ta aƙalla awa ɗaya idan wuta ta ɗauke, kyauta ga wanda ya dogara da wayar gida. Amma sai ka faɗa musu akwai tsoho ko marar lafiya a gidan. Mu kuwa kunya da "Allah zai kiyaye" sun hana mu buɗe baki. In kuma batiri aka ba ka, dole ya riƙe rauta da adafta duka, har da ɗan akwatin faiba na bango in akwai. Riƙe ɗaya a bar sauran aikin banza ne. Tsohon da ke rataye da maɓallin neman agaji a wuya, a kira masu na'urar a tambaya ko tana aiki da sabon layi, a kuma gwada ta. In ka sauya gida ka tafi da adaftarka, lambar za ta bi ka, amma adireshin da masu agaji za su gani tsohon ne har sai ka sanar da kamfani.

Ranar da wayar Kawu ta dawo, na zauna na rubuta adireshin uwar garke da sunan asusu da kalmar sirri a littafin da yake ajiye lambobin 'yan'uwa, Hajiya ta kulle shi a durowa tare da fasfo. Na saya wa jikan nasa kebul na kansa, fam uku. Sannan na yanki salatif baƙi na liƙe ramin nan, na ɗora wani a kai. Kawu na kallona ya ce, "Ɗana, ƙara na uku, yaron nan yana da fil da yawa."